Wai Wasan Dodanni Ba Ruwansa Da Siyasa? Gardamar Ƙofar Gida A Umbadda

Mu dai a layinmu na Umbadda, wanda ya raba mu da wasa ya raba mu da hira. Da an yi la'asar rana ta karya, dattawa za su ja tabarma gindin darbejiya, a share ƙasa a haƙa gurabe. Masu dara su ƙirga tsakuwarsu sha biyu sha biyu, masu siga su kafa tasu a gefe, kowane ɓangare da 'yan kallonsa. Samari na wajen Hajja mai shayi, suna buga dumna a kan tebur har kofuna su yi tsalle, ko suna raba kartar konkan. Mata in sun gama da kwanukan dare sai ludo. Yara kuwa in wata ya yi fari, a jefa ƙashin shilel can nesa, a bi shi da gudu ana ihu. Gardamar ƙwallon Hilal da Marikh ita ba ta da lokaci, tun asuba a bakin masallaci ake iya tayar da ita. Haka muka taso a Omdurman, haka 'yan'uwanmu suke a Mayo da Inkaz can tsallaken kogi a Khartum.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 shi ya tarwatsa wannan zama. Wasu suka yi Gadarif, wasu Kasala, wasu suka haura Masar, har akwai waɗanda suka koma neman dangin kakanni a Kano da Sakkwato. Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025 mutane ke dawowa da ɗai-ɗai da ɗai-ɗai, kowa da abin da ya taho da shi. Wani ya dawo da ciwo, wani da sana'a. Ɗan tela maƙwabcinmu, wanda ya zauna a unguwar Faisal ta Alkahira, shi wasa ya dawo da shi, kuma wasan nan ne ya hana majalisarmu sakat.

Sunansa Dungeons & Dragons, yaran dai wasan dodanni suke ce masa. Mutum biyar ko shida ne za su zauna da'ira. Ɗaya shi ne mai jan labari, shi ya san ƙasar da za a shiga, da garuruwanta da dazuzzukanta da sarakunanta da dodanninta. Sauran kowa ya ƙirƙiro mutum guda ya shiga rigarsa: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo mai sanɗa, waccan mai ba da magani. A cika wa kowa takarda, ƙarfinsa kaza, wayonsa kaza, zafin namansa kaza. Mai jan labari ya ce, "Kun iso bakin wani kogo, kuna jin nishi daga ciki, me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi. In abin na da haɗari sai a jefa ɗan ludo, amma fa ba irin namu mai fuska shida ba, wannan fuska ashirin gare shi. Lamba babba ta fito ka yi nasara, ƙarama ta fito ka sha ƙasa. Ba a sa kuɗi, ba wanda ya ci ba wanda aka cinye, labarin ne ke tafiya, a tsaya yau a ɗora gobe. Da yake wutar lantarki ba ta zama, waya kuma ba caji, yara suka rungumi abin hannu bibbiyu. Fitila ɗaya da fensir sun ishe su.

Liman ne ya fara zuwa dubawa. Ya tsaya a kansu ya yi tambaya uku: ana caca, ana barin salla, ana kiran aljanu? Ɗan tela ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ko ɗaya babu." Liman ya ce malamai sun yi dogon bayani a kan wasan jifan ƙwaya, don haka kada su ɗauki shirunsa a matsayin fatawa, amma da zarar ladan ya ɗaga murya a naɗe takardu. Ustaz, wanda ke koyar da tarihi a sakandare, ya ce ai ko a Amurka inda aka ƙago wasan an sha wannan tambaya. A shekarun 1980 masu wa'azin coci sun taso shi gaba da zargin tsafi, har kamfanin da ke buga shi ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Wannan gardama ta wuce lafiya.

Wadda ba ta wuce ba ita ce ta daren da labarin ya kai wani birni inda sarki ya ninka haraji, ya zuba dakaru a ƙofofi. Mai jan labari ya tambayi yara abin yi. Wani saurayi ya ce shi mutuminsa zai tara talakawa su je ƙofar fada su zauna, ba za su tashi ba sai sarki ya sauka. Duk wanda ke wurin ya san abin da ya tuna. Ba wanda ya manta zaman dirshan na gaban hedikwatar soja daga 6 ga Afrilun 2019, da saukar Bashir ran 11 ga wata, da yadda aka tarwatsa zaman da asubahin 3 ga Yuni. Baba Alhaji, wanda ke kishingiɗe a kan angarib yana jan carbi, ya miƙe zaune.

"Kai, ku dakata nan! Wasa na ce a yi a ƙofar gidana. Wa ya ce ku kawo mini siyasa? Ku kashe dodonku ku kwashi zinariyarku ku je ku kwanta."

Kada wani ya yi wa Baba Alhaji gurguwar fahimta. Dattijon nan da hannunsa ya binne mutane a filin makaranta lokacin da ba a iya kaiwa maƙabarta. A layin nan akwai gidan da ɗansu ke cikin soja, akwai gidan da ɗansu ya bi dakarun Da'ama masu yaƙi da soja har yau ba labarinsa, akwai gidan da 'yarsu ke kan gaba a kwamitin gwagwarmaya na unguwa. Su duka yanzu famfo ɗaya suke jira, sahu ɗaya suke bi. Abin da yake nema shi ne tabarma guda da 'ya'yan gidajen nan uku za su zauna a kai ba tare da wani ya tuna wa wani komai ba. Ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma a bakin wanda ya ga abin da ya gani, wannan magana tana da nauyi.

Ustaz bai yi masa musu kai tsaye ba. Cewa ya yi, "Ya Haj, gaskiyarka. Amma a miƙo mini takardar nan in gani." Aka miƙa masa takardar ɗaya daga cikin yaran, ya matso da ita kusa da fitila, ya ɗora yatsa a kan gurbin da ke sama, kusa da suna. Ya ce wa ɗan tela, "Ɗana, nan me ake rubutawa?" Yaro ya ce jinsi ne, wato mutumin naka ɗan Adam ne, ko elf mai dogon kunne, ko wada mai gemu, ko ork. Ustaz ya ce, "To shi ork ɗin yaya yake?" Yaro ya ce a tsofaffin littattafan wasan, ork ƙato ne mai ƙarfi, mai ƙarancin tunani, zaune yake ƙabila-ƙabila a bakin iyaka, kuma mugu ne tun daga haihuwa, don haka in ka gan shi ba sai ka tambaya ba, sara kawai.

Wurin ya yi tsit, saboda mu ba baƙin wannan gurbi ba ne. Mu ne mutanen da aka daɗe ana tambaya jinsinsu kafin a tambayi sunansu. Kakanninmu wasu hanyar Makka ce ta ajiye su a nan tun kafin zuwan Bature, wasu sun yi yaƙi a rundunar Mahadi, wasu sun taho bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yulin 1903, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Maiwurno yake yau kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, gumin iyayenmu na cikin audugar Jazira. Duk da haka dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai ka nuna zuriyarka na zaune a Sudan tun 31 ga Disambar 1897, kuma kowa ya san wa aka fi tsananta wa tambaya in ya je neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Ana ce maka Bafalate, sai ka kawo shaidar da ba a nema wurin maƙwabcinka ba. A 2008 wata jarida a Khartum ta buga maganar da aka jingina wa Bashir cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, gwamnati ta musanta, amma sai da jama'a suka cika titunan Gadarif da Kasala. A watan Yulin 2022 a jihar Shuɗin Nilu, maganar a ba Hausawa masarauta cikin tsarin mulkin gargajiya ta rikiɗe ta zama kashe-kashe, mutum fiye da ɗari suka mutu, a watan Oktoba kuma aka sake a Wad al-Mahi, asarar rai ta fi ta farko. Mun yi tattaki a Khartum a wancan Yulin muna cewa mu 'yan ƙasa ne. Tushen duk wannan tambaya ɗaya ce, wa ke da ƙasa, wa ke baƙo. Ustaz ya ce, "Ya Haj, takardar da ta fara da tambayar jinsi, ta ce wani jinsin mugu aka haife shi, siyasa ta riga ta zauna a cikinta tun kafin yaron nan ya buɗe baki."

Baba Alhaji ya ce ai ork ba ya duniya, halittar ƙarya ce, wa aka zaga? Tambaya ce mai kyau, kuma a kanta masu wasan a Turai da Amurka suka daɗe suna kai ruwa rana. Ustaz ya bi mana asalin abin. Ya ce kakan wasan nan wasan yaƙi ne. Sojojin Furushiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, sun karɓi wasan taswira da ƙwaya a 1824 don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya buga ƙa'idojin yaƙi da sojojin wasan yara. Daga irin waɗannan masu jera sojojin wasa a kan tebur Gary Gygax da Dave Arneson suka fito, suka buga Dungeons & Dragons a 1974 a wani ƙaramin gari na jihar Wisconsin. A bugun farko-farko, yawan zinariyar da ka kwaso daga kogo shi ke ɗaga darajarka. Ɗaya daga cikin labaran da Gygax ya rubuta wa masu koyo a 1979 a kan wata ganuwa yake, a bakin iyakar ƙasar masu wayewa, gabanta kogunan ƙabilun dodanni, aikinka ka shiga ka share su ka kwaso dukiyarsu.

Sai Ustaz ya nuna arewa da carbinsa, wajen duwatsun Karari. Ya ce ran 2 ga Satumbar 1898 Kitchener, janar ɗin Turawan Ingila, ya kafa bindigogi masu ruwa a can, kafin azahar an kashe Ansar, mayaƙan Mahadi, fiye da dubu goma, a ɓangarensa waɗanda suka mutu ba su kai hamsin ba. A labarin da suka kai gida, su ne masu ganuwa, mu ne mutanen kogo. Har gobe a Ingila akwai masu jera ƙananan sojoji a kan tebur suna sake buga yaƙin Omdurman don nishaɗi. Ba wai Gygax ya zauna yana tunanin Karari ba ne, amma tsarin labarin, na baƙo mai makami da 'yan ƙasa marasa baki, gadonsa ya yi. Kamfanin da ke da wasan yanzu, Wizards of the Coast, shi kansa ya amsa akwai gyara. A 2020 ya ce zai daina nuna ork a matsayin mugaye tun asali, ya cire ragin wayon da aka ɗora musu. A ƙarshen 2022 ya sanar da zai sauke kalmar da ke nufin launin fata daga wancan gurbi, a bugun 2024 kuma ork ya shiga jerin waɗanda kowa zai iya zama tun shafin farko. Wasu masu wasan suka yi murna, wasu suka ce an cusa musu siyasa cikin nishaɗi, daidai abin da Baba Alhaji ya faɗa.

Ɗan tela yaro ne mai zuciya. Ya ce in dai dodannin Bature ne matsalar, shi zai zubar da su ya ɗauko namu. Ya bi tsofaffin layin nan gida-gida yana tambayar tatsuniya, ya dawo da littafinsa cike. Ya zaɓi Bayajida, don ya ce babu labarin da ya dace da wasan kamarsa. Ga baƙo a kan doki da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ga rijiyar Kusugu, ga macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ga sarauniya Daurama. Yara suka yi ta murna, har aka iso ƙarshen labarin, inda 'ya'yan Bawo suka zama Hausa Bakwai, zuriyar Karɓagari ɗan ƙwarƙwara kuma aka kira su Banza Bakwai. A cikin masu wasan akwai yaron da kakarsa Bazamfara ce, ya ɗago kai ya ce, "Mu ne banzan?" Goggo, wadda ta ba da labarin, ta ce ita haka ta ji shi wurin kakarta, ba ta taɓa tsayawa ta auna wannan wurin ba.

Daga nan hirar ta buɗe, kowa ya kawo tasa. Wani ya ce a duba Gizo, kullum sarki yake yi wa wayo, ko zaki, ko kura, mai ƙaramin ƙarfi yana cin mai babban ƙarfi da dabara, kuma uwar da ke ba ɗanta wannan labari da dare ta san abin da take koya masa game da masu mulki. Ustaz ya ambaci Ganɗoki na Bello Kagara, ɗaya daga littattafan gasar da aka yi a Zariya a 1933, wanda jaruminsa ya fara da yaƙar Turawa kafin ya faɗa duniyar aljanu. Wani dattijo da ya yi almajiranci a Kano ya ce a tashe, daga goma ga azumi, yara na shigar malami da attajiri da mai gari su kwaikwaye su a bainar jama'a, a yi dariya a ba su hatsi, kuma wanda aka taɓa ya san an taɓa shi. Ya ce a gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan fada ke shigar sarki da hakimansa su nuna halin kowa, sarki na zaune yana kallo. Wani mai dangi a Damagaram ya ce can akwai wasan kara, samari su ƙera bindigogi da motoci da karan dawa, su naɗa gwamnansu da ministocinsu. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, in ji masu iya magana, mu kuma mun daɗe muna faɗa wa sarakuna tasu ta wannan hanya.

Hajja mai shayi ce ta kawo maganar da ta fi kowace zafi. Ba ta cika sa baki a hirar maza ba, amma ranar ta ajiye jabana ta ce, "Ku kuna ta zancen ork da Bayajida. Kun tsaya kun ga wasan da ƙananan ke yi da rana a bayan layi?" Ta ce igiya suke ɗaurewa a tsakiyar hanya, biyu su tsaya da sanduna a kafaɗa, duk yaron da ya zo wucewa a tsare shi, a ce ya sauko, a ce ina wayarsa, a tambaye shi shi ɗan wace ƙabila ce. In ya faɗi wadda ba ta yi musu ba, a sa shi tsallen kwaɗo. Ta ce, "Wannan ba daga Masar aka kawo shi ba, ba shi da littafi, ba wanda ya koya musu. Abin da idonsu ya gani ne a shingayen bincike. In kun hana manyan yin zancen sarki da talaka a gabanku, ƙananan na can suna yinsa a bayanku, kuma ba mai gyara musu."

Ni a nan na tsaya, kuma har yanzu a nan nake. Duk wasan da aka ce ka shiga rigar wani, a ƙasar da ke da sarki da talaka da rijiya da iyaka, to tambayar wa ke mulki, wa ke sha, wa aka halatta kashewa tana ciki. Wanda ya ce a cire siyasa, galibi wadda ba ta yi masa daɗi ba yake nufi, wadda ya saba da ita kuwa ba ya ma ganinta. Amma Baba Alhaji na da rabin gaskiya da bai kamata a tauye masa ba. Akwai siyasar gaba, ta kiran sunan janar da jam'iyya da ƙabila, wadda ke tayar da jijiyar wuya ta raba tabarma. Wannan ana iya barinta a waje, kuma wajibi ne a bar ta. Kakanninmu sun san yadda ake yi. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, a yi dariya a ci abinci kwano ɗaya. Tsohuwar takara ce aka sa mata ƙa'ida aka mai da ita wasa, kuma ƙa'idar ce ta hana ta komawa faɗa.

Don haka majalisa ta yi wa yaran ƙa'ida, Baba Alhaji na zaune. Ba a sa sunan ƙabilar da ke raye, ko janar, ko jam'iyya, ko da a sakaye ne yadda kowa zai gane. Babu al'ummar da za a ce mugunta a jininta take, mugu a labari aikinsa ne zai nuna shi. Kowane dodo yana da baki, wanda ya so ya yi masa magana kafin ya zare takobi an ba shi dama. Kuɗi ba ya shiga, salla ba ta jira. Sannan babba ɗaya zai riƙa zama kusa yana saurare.

Daren da ya zama nawa ne zaman, ɗan tela ya kai su wani gari mai rijiya ɗaya, dodo ya tare ta. Samari uku har sun fara jayayya a kan wa zai fara sara. Ƙanwar ɗan tela, wadda ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ita ke riƙe da mai magani, ta ce ita za ta leƙa ta tambayi dodon me ya zaunar da shi a nan. Yayanta ya ce ta jefa. Ta haɗa tafukanta ta girgiza, ta saki ɗan ludon a kan faranti, ya yi ta juyi ya tsaya a sha bakwai. Mai jan labari ya yi shiru, don bai shirya wa wannan ba, sannan ya kumbura murya ya ce dodon ya amsa, shi ya haƙa rijiyar tun garin yana daji, mutane suka zo ya ba su ruwa, da suka yi yawa suka zagaye ta da ganuwa suka ce shi baƙo ne. Yaran suka bar zancen takobi. Sai da suka ci kusan awa guda suna tsara kwanakin ɗiba: wa zai sha da safe, wa da yamma, dabbobi fa, matafiyi fa, in rani ya yi ruwa ya ja baya yaya za a yi, wa zai tsaya a kan ƙa'idar, in shi ma ya yi son kai wa zai tsawata masa. Hajja na jin su daga wajen murhunta. Ta ce ai wannan shi ne abin da muka yi lokacin da famfo ya ɗauke muka koma sayen ruwan karo, shi ne kuma abin da matasan takiyya, gidan dafa abincin sadaka na unguwa, ke yi kullum a kan tukunyar adas, wane gida ke da marayu, wane ke da tsoho, wa zai fara karɓa.

Na ba Baba Alhaji labari da safe. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "In wannan ce siyasar, ba ita na hana ba." Bai ce ya sauka daga ra'ayinsa ba, har yanzu in ya ji labari ya doshi ƙofar fada yana gyaran murya, yaran kuma sun san ma'anar gyaran muryarsa. Ustaz ma bai samu duk yadda yake so ba, shi da zai so a tattauna komai a fili. Masu dara na nan suna dararsu, masu dumna na fasa tebur, Hilal da Marikh ma da yaƙi ya kai su buga gasar Mauritaniya ba su huta a bakinmu ba.

Kira na ga iyaye 'yan'uwana, na Omdurman da Khartum da duk inda Bahaushe yake, har Kano da Maraɗi inda na tabbata wasan nan zai iso ta waya ko ta hannun ɗalibai. Kada ku ƙwace takardun, kada kuma ku ce ai wasa ne ku juya baya. Ku ja kujera ku zauna kusa. Ku saurari wa aka naɗa sarki a labarin, wa aka mai da dodo, kuma da wane dalili. In kun ji an ce wasu mutane mugaye aka haife su, ku tsayar da wasan ku tambayi yaran wa ya faɗa musu. Mu da aka sha ce wa baƙi a ƙasar da kakanninmu ke kwance, mun fi kowa sanin inda wannan magana ke ƙarewa, kuma haƙƙin 'ya'yanmu ne a kanmu mu koya musu su tambayi dodo kafin su sare shi.